Muryata Ta Je Gidan Dije Ba da Ni Ba

Ku 'yan matan yanzu da kuke ɗaukar hoton atamfa ku liƙa a waya, ku miƙe ƙafa kuna jiran a ce "nawa ne?", har kuna cewa ai dillancin ke nan, ku matso kusa. Ni ce Tabawa. Daga ƙauyenmu har kasuwar Tsanyawa, duk ɗakin da kuka ga jeren kwanuka, ku tambayi mai ɗakin a kan wa suka shigo. A kan nan nawa suka shigo, ga shi har gashin tsakiya ya ƙare saboda gammo. Ban taɓa zama a aji ba, ko sunana aka rubuta ba zan gane shi ba, amma ban taɓa kai wa Ladi kayan Talatu ba. Zan gaya muku yadda sana'ar take. Zan kuma gaya muku shekarar da aka sace min murya, aka je da ita gidan aminiyata Dije, aka karɓe kuɗin kayan ɗakin autarta, ni ina can ban sani ba.

Kayan farko da na fara ɗauka wani zane ne, saƙi, baƙi mai ratsin ja. Lokacin Gwaggo Hansai, ƙanwar babana, ita ce dillaliyar yankinmu, ni kuma na yaye ɗan farina ke nan, ina bin ta ina ɗaukar mata ƙunshi. Wata mata ta ja mu ƙuryar ɗaki, ta zaro zanen daga ƙarƙashin gado, ta miƙo ba ta ko ɗaga kai ba. Da muka fito na ce, "Gwaggo, ai matar gidan gaba irinsa take nema, mu shiga mana."

Ta tsaya ta dube ni daga sama har ƙasa. "Ke dai jaka ce. Ta ɗaura shi ranar suna, mai shi ta gani, unguwa ta gani, kowa ya san rumbun gidan can ya yi ƙasa? Ɗauki mu tafi."

Muka ratsa gonakin dawa, muka wuce ƙauye biyu, rana ta take, sannan ta kwance shi a gidan da ba a san mai shi ba. La'adar da muka samu da ƙyar ta sayi goro. A hanyar dawowa ƙafata duk ƙaya, ina ƙunƙuni, ta ce, "Zane kowa zai iya sayarwa. Mu bakinmu ake biya."

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da iyawarsa. Gammo na tsumma ne, ba na ganye ba, don na ganye kafin azahar ya mutu. Mayafin ƙunshi babba, mai kauri, ƙulli biyu a gicciye. Ɗan kunne da warwaro ba sa shiga ƙunshi, suna lalita a ƙugu, ƙarƙashin zane. Kwanuka kuwa, samira da kwalla da fanteka, tsakanin kowanne da ɗan'uwansa sai ki sa ƙyalle, don in fenti ya ɓantare ko kamar ƙwayar gero ne, ya tashi daga kayan amarya ya koma kwanon awaki. Kafin in karɓi kwano sai na ƙwanƙwasa shi da farce a gefen kunne. Mai lafiya yana amsawa ya ja, mai ciwo sai ya ce "ƙwal" ya yi shiru. Atamfa in jiƙa yatsa in murza bakinta a farin ƙyalle. In ta zuba a hannuna, ba za ta zuba a jikin 'yar mutane ba, can zan bar wa mai shagon abarsa. Wanne ne a cikin waɗannan hoto zai gaya muku?

Su ma masu sayen kala-kala ne. Akwai wadda za ta sa ki kwance ƙunshi kaf, ta ɗaga wannan ta shinshina wancan, ba ta da niyyar sayen ko allura, labari take so. Ki ba ta labarin tsadar taki da na ruwan da aka yi a gabas, kada ki ba ta na mutane. Akwai wadda ba ta da ko sisi yau, amma in an ɗebe gyaɗa za ta aiko tun ba ki tambaya ba. Akwai mai zobe a kowane yatsa wadda sai kin yi sawu har takalmi ya gaji. Kafin ki gane wace ce wace, sai kin sha ruwan randar kowa.

Kai, wancan zamani! Ki fito da hantsi, dawa ta yi kai ta rufe hanya, raɓa tana jiƙa miki bakin zane. Gida yana kallon gida, ki fita daga wannan danga ki faɗa waccan. Ana daka nan, ana sussuka can. A shimfiɗa miki tabarma, a dama fura, a tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har akuyar da ta haihu, sannan a ce "to, me kika zo mana da shi?" Wanda zai karɓi kuɗinki yana zaune a gabanki, kin ga idonsa, kin san gidan ubansa, kin san inda aka binne kakarsa.

A irin wannan yawo na san Dije. An kawo ta amarya ƙauyen da ke gabas da mu, siririya, ba ta magana. Da ta saki jiki sai ga shi bakinta ya fi barkono. Sana'arta matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli. Ranar da ta haifi 'yarta ta fari, tun ba a yi suna ba ta ce in kawo mata samira ɗaya. Haka muka yi ta yi, kwano ɗaya bana, biyu baɗi, tana turawa ƙarƙashin gado, har yarinya ta isa aure ɗaki ya cika. Duk 'ya'yanta mata ni na yi musu kaya. Tana ce min tsohuwar banza tun ban tsufa ba, ni kuma ina ce mata mai ƙanshin tunkuza. Ba ta taɓa ƙirga kaya a gabana ba, ni ma ban taɓa ƙirga kuɗinta a gabanta ba. Saura autarta, Rabi.

Yanzu sai ku fahimci wani abu, don a kansa komai ya rataya. Ɗan farina, kun san ba zan kama sunansa ba, ko a nan. Tun da na haife shi bakina bai taɓa furta shi ba, haka muka tarar iyayenmu suna yi, kunya ce. In zan yi zancensa sai in ce yaron nan, ga shi kuwa yanzu har da furfura a gemu. Yana zaune a Rijiyar Zaki, cikin Kano, yana aikin walda. Mutanen gari da laƙabin yarinta suke kiran sa, sunansa na yanka kuwa sai dangi na jiki. Dije ba ta san shi ba, kuma matar kirki ba za ta tambayi uwa sunan ɗan farinta ba.

Shekarar da takardun kuɗi suka yi wuya, mutum da kuɗinsa a banki amma ba na cefane a hannu, ita ta tura ni cikin waya. Ki kai kaya a ce sai dai tiransifa. Ni ba ni da akawun. Yaron nan ya saya min babbar waya, ya ce a riƙa turawa a nasa. 'Yata Binta ta haɗa matan da nake hulɗa da su a gurup ɗaya, ta nuna min inda zan danne in yi magana. Wallahi na ji daɗin abin. Gwiwata ta fara ciwo, ga shi ina zaune a gindin darbejiya muryata tana shiga gida talatin. Da safe in gaishe su, in faɗi abin da ya zo, in tsokani wannan in yi wa waccan barka. In an yi ciniki in ce, "A tura a akawun ɗin yaron nan," Binta ta sa lambar. Kullum haka. Ban taɓa faɗin suna ba, ba a taɓa tambayata ba. Dije ce kaɗai ta ƙi. Ta ce ita kuɗinta ba ya tafiya a iska, hannu da hannu. Amma tana sa Rabi ta kunna mata gurup ɗin a wayarta don ta ji abin da zan ce ta rama.

Kayan Rabi da na gani a wurin wani kafinta a Kano, gado ne mai allon kai da madubi, da katifa mai tudu, da sif. An sa biki bayan kaka. Dije ta yi shekara biyu tana turke wani sa, tana ba shi tunkuza da dusa da harawa, har ya zama ba ya iya juyawa a turken. Shi ne kayan ɗakin. Ana cikin haka gwiwata ta kumbura kamar tulu, yaron nan ya zo ya tafi da ni wurinsa a ga likita. Na faɗa a gurup, na ce ina Kano, zan ma leƙa gadon Rabi a wurin kafinta, mai saƙo ta yi haƙuri. Kwana kaɗan sai ga muryar Dije: "A gaya wa tsohuwar banza an sayar da sa. Ta dawo ta karɓa tun ban cinye a tsire ba." Mata suka yi ta dariya. Ashe ba mu kaɗai muke ji ba. Daga baya aka gano wayar ɗaya daga cikinmu ta daɗe a hannun wasu, suna zaune a tsakiyarmu shiru kamar kunama a cikin takalmi.

Da gwiwa ta saɓe na dawo, washegari na ɗingisa sai gidan Dije. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo fura, muka gaisa. Sai ta leƙa bayana.

"To ina gadon? Ko a ka za ki ɗauko shi?"

"Gado da ƙafa yake? Kawo kuɗin in je in biya, a ɗoro shi a mota."

Ta yi dariya. Ta ga ban yi ba. Ta ajiye ludayi.

"Tabawa, bar wasan nan, ba na so."

"Wane wasa?"

Ta ƙwala wa Rabi kira ta ce ta kawo waya. Yarinyar ta durƙusa ta danna, sai na ji ni. Ni ce, ba wata ba. Da ɗan tarin da nake yi kafin in fara magana, da yadda nake jan sunanta. "Dije, ni ce. Wayata ta faɗa bokitin wanka, da ta maƙwabta nake miki magana. Ga ni a wurin kafinta, wata Hajiya ta ƙyalla ido a kan gadon Rabi, ya ce in ba a biya yau ba ya sayar. Ki daure ki tura a akawun ɗin yaron nan, ga lambar nan. Yi sauri, mai ƙanshin tunkuza."

Rabi ce ta ba ni sauran labarin daga baya. Dije ta zari mayafi, ta ƙulle kuɗin sa, suka tafi wurin mai POS na bakin tasha. Ya buga lambar, ya karanto sunan da ya fito, wani suna da ba su taɓa ji ba. Ya ce, "Inna, kin san mai sunan nan?" Rabi ta ce, "Inna, mu aika mata mu ji ko sunan ke nan." Dije ta daka mata tsawa a gaban mutane. "Ke ba ki da ta ido? In sa tsohuwa ta kama sunan ɗan farinta don ina tsoron kuɗina? Sunansa na yanka ne, banki ai ba ya rubuta laƙabi. Tura, ɗan nan." Ya tura.

Na ce, "Dije, wallahi tallahi ba ni ba ce." Na zaro wayata daga lalita na ajiye a gabanta. "Ga ta nan, ko yayyafi bai taɓa ta ba."

"Na gani. Ashe ba ta faɗa ruwan ba."

"Ba ni na yi maganar nan ba!"

"To wace ce? Tabawa, da mutum ne ya zo ya ce kin ce, ko liman ne sai na ƙaryata shi. Amma kunnen nan nawa ne ya ji. Tun ina amarya nake jin muryar nan. Yau za ki ce min ban san ta ba?"

Rabi ta kira lambar da aka turo muryar da ita, a kashe. Dije ta tashi ta shiga ɗaki. Daga ciki na ji ta ce, "In ta tashi ki naɗe tabarmar."

Magana a ƙauye ba ta bukatar mota. Kafin kasuwa ta zagayo, gidan da na yi sallama sai a ce matar gidan tana barci, da hantsi, ana jin tabaryarta. Gurup ya yi tsit, sai fita ake yi ɗaya bayan ɗaya. Wata da na aurar mata da 'ya'ya uku ta aiko a karɓo mata turmin atamfarta da ke wurina, wai ta fasa sayarwa. Waɗannan duk ban sa su a ka ba. Gidan Dije ne.

Na sa yaron nan ya kai ni bankin da kuɗin ya faɗa, da 'yar takardar da mai POS ya ba su Dije, wadda Rabi ta kawo min. Sanyi kamar cikin randa, layi har waje. Aka kai mu wurin wata yarinya mai farin gilashi, 'yar mutunci, ta ba ni kujera ta ce, "Sannu Inna." Ta duba ta duba, ta ce akawun ɗin na wani ɗan ga-ruwa ne a wata jiha, an ba shi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba ya buɗe da hotonsa da yatsansa, ya miƙa musu. Kuɗin kuma bai kwana a ciki ba, an yayyanka shi an watsa wasu wurare. Ta ce da a ranar aka zo, wataƙila da an tare wani abu. Za su rufe akawun ɗin, za su kai rahoto.

Na ce, "Muryar fa?"

Ta ce yanzu akwai abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira. Inji ne, in ya saurari mutum na ɗan lokaci sai ya haddace muryarsa, a rubuta masa duk abin da ake so ya faɗa da ita. Na ce to ni ai na yi shekara ina ba shi karatu kullum safe, kyauta.

Na ce, "'Yar nan, in tambaye ki. A kasuwar shanu, in baƙo ya zo da saniya, wa ake riƙewa in ta zama ta sata?"

"Ban sani ba, Inna."

"Mai masaukinsa. Wanda ya ba shi wurin kwana, ya tsaya masa aka yi ciniki. To kuɗin Dije a ɗakin wa ya sauka? Ku kuka ba ɓarawo masauki. Ɗan ga-ruwa, wanda bai taɓa ajiye kuɗin jarka goma ba, rana ɗaya kuɗin sa ya faɗo masa, kafin la'asar ya fice, ba wanda ya ce tsaya, daga ina?"

Ba ta yi musu ba. Ta ce ana ƙoƙarin sa ido a kan irin wannan, kuma kullum suna tura wa mutane gargaɗi a waya. Na ce a rubuce? Ta ce a rubuce. Na ce da wane yare? Ta ce da Turanci. Na ce, "Shi ɓarawon ya zauna ya koyi Hausar Tsanyawa, har da tarina. Ku da kuke riƙe da dukiyar mutane ba za ku iya aiko mana da baki mai magana ba? Ga rediyo, ga masallaci, ga ranar kasuwa."

Ta cire gilashin ta goge. Ta ce, "Inna, wallahi ko mahaifiyata an taɓa kiran ta da muryar ƙanena, wai yana hannun 'yan sanda. Allah ne ya sa yana ɗaki yana barci. Maganarki gaskiya ce, zan kai ta gaba. Amma ku ma sai kun taimaka. Duk mai karɓar kuɗi ya faɗi sunan da zai fito, da bakinsa, tun kafin a tura."

"In kama sunansa?"

Yaron nan ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ita kuma ta gane, don ita ma 'yar Hausawa ce.

Na roƙe ta ta zo ƙauyenmu ta yi wa Dije wannan bayani. Ta ce aiki ba zai bar ta ba, amma ta karɓi wayata ta yi magana a ciki, tiryan-tiryan, har da rantsuwa. Na ba Binta ta kai. Ko da ta kunna, Dije ta ce, "Wata muryar ce kuma? Kai ta can, na ƙoshi."

Yaron nan ya ce, "Inna, bari in nemo rance in biya matar nan, a huta." Na ce kul. A sana'armu, abin da ya ɓata a hannunki shi kike biya, ko ɓarawo ne ya ƙwace, ko rafi ne ya ci, ba a jayayya. Saboda haka duk wadda ta biya, ta ce ya shiga hannunta ke nan. In na kai wa Dije kuɗi a matsayin biya, na sa hannu a kan cewa ni ce a wayar, har jikokina sai an nuna su da baki. In kuma na naɗe hannu, Rabi za ta shiga gidan miji da tabarma. Kun san ranar jere dangin ango har ƙarƙashin gado suke leƙawa, abin da suka gani ranar kuma shi za su riƙa tuna mata har ta yi jika. Na ji an ce Dije ta aika a farke tsohuwar katifarta a sake mata riga. Ita da ta yi shekara biyu tana hana kanta don sa ya ci.

Sai na tuna da biki. Ku na yanzu kun mai da shi liƙi a filin rawa, amma asalinsa ba haka ba ne. In ƙawarki tana aurarwa, ki kai mata abin da ya samu a gaban mata, a gani. Ran da naki ya zo ta maido miki da ƙari. Ke ma in nata ya sake zagayowa ki ɗora. Ba a yafe shi, ba a kuma biyan sa a rabu, haka zai yi ta kai da kawowa har ɗaya ta mutu. Wadda ta karɓi bikinki ta yarda ke nan akwai gobe tsakaninku. Wadda ta maido miki da shi kuwa ta yanke, ko a makabarta. Lokacin auren Binta, Dije ta kawo min saitin samira da turmin atamfa, ban kuma samu na mayar ba.

Na sayar da awakina. Na sauke jeren ɗakina, kwanukan da na shigo da su gidan miji, na ɗaure su da ƙyalle a tsakani, na hau mota har Rimin Gado inda ba wanda ya san kwanona. Da ɗan kunnen da na ajiye don likkafani. Abin da ya taru bai kai sif ba. Ya kai gado da katifa.

Kada ku tambaye ni ko ta ce ta yarda ba ni ba ce a wayar. Ba ta faɗa ba har yau, ni ma ban tambaya ba. Abin da ya faru kawai zan gaya muku.

Ana gobe jere na sa aka ɗoro kayan a a-kori-kura, na zauna a gaba. Ba a gayyace ni ba. Tsakar gidan cike da mata, ana ta tankaɗe, ana gyaran kaji. Da samari suka fara shigo da allon gadon, madubin yana walƙiya, sai tabarya ta tsaya. Dije ta fito daga madafa, hannunta duk gari. Ta rame. Ta dubi gadon, ta dube ni.

"Wannan fa?"

"Bikinki ne na auren Binta."

"Samira na kai miki."

"Ita ce ta hayayyafa."

Wata ta ƙyalƙyale da dariya a baya, aka zungure ta. Dije ba ta yi ba. Ta matso har ina jin ƙanshin man gyaɗa a jikinta, ta yi ƙasa da murya, amma kowa yana ji.

"Tabawa, gaya min a gaban mutane. Biya ne ko biki?"

"Ban ci ba, ba zan biya ba. Biki ne. In ba kya so, motar ba ta tafi ba."

Samarin suna tsaye da katifa a ka, ba su san gaba za su yi ko baya ba. Rabi tana leƙowa ta labule, lalle a hannu. Dije ta goge hannunta a zane, ta kai ta danna katifar da dunƙule, ta saki, ta ga yadda ta taso. Ta shafa allon. Ta daɗe tana shafawa.

"Kin san dai biki ramawa ake yi."

"Na sani."

"Wa ya rage miki da ba a aurar ba?"

"'Yar wajen Binta."

"Wadda aka yi sunanta da damina?"

"Ita. Ta fara rarrafe."

Ta dubi gwiwata da sandar da nake dogarawa. Ta dubi hannayenta. Sai ta ja tsaki.

"To, sai mu roƙi Allah Ya bar mu ke nan, ni da ke, tsohuwar banza." Ta juya wurin samarin. "Ku kuma kun tsaya kuna kallon mutane. Ku shigar da shi, ku yi hankali da bakin ƙofa."